Allon da ke nuna inda sanda ta sari ƙasa: abin da na gani bayan wata uku ina atisaye da gajerun sandunan golf

Wanda ya ɗan jima yana wasan golf yakan gane kyakkyawan bugu da kunnensa tun kafin idonsa ya bi ƙwallo. Akwai wata ƙara mai tsabta, ƙwas, wadda ke fitowa idan fuskar sanda ta fara haɗuwa da ƙwallo sannan ta sari ciyawa a gabanta, akwai kuma wata ƙarar mai nauyi, tim, wadda ke nuna cewa ƙarfen ya nutse cikin ƙasa kafin ya iso inda aka aike shi, sai ƙwallon ta tashi a kasalance ta faɗi tun ba ta kai rabin hanya ba. Na shafe shekaru ina jin ƙara ta biyun fiye da ta farkon, kuma abin da ya fi damuna shi ne ban san takamaiman inda kuskuren yake ba, domin hannuna yakan gaya mini cewa na yi daidai alhali sakamakon yana cewa akasin haka. Wannan ne ya sa na sayi allon atisaye irin wanda ke barin alama a duk inda sanda ta taɓa shi, na kuma ƙudurta cewa ba zan ce komai a kansa ba sai na yi wata uku ina aiki da shi.

Kayan ba shi da wata sarƙaƙiya. Faifai ne shimfiɗaɗɗe na roba mai ɗan tauri, tsawonsa ya ɗan haura kamu ɗaya, an lulluɓe samansa da ƙananan ƙyalƙyali masu fuska biyu, irin waɗanda ke juyawa su sauya launi idan an shafa su. A tsakiyarsa an zana hoton ƙwallo, kuma mutum na iya ɗora ƙwallo ta gaske a kan zanen ko ya kaɗa sanda ba tare da ita ba. Da zarar ƙasan sanda ta goge shi, ƙyalƙyalin wurin sai su kife, wani dogon tabo mai haske ya bayyana, wanda ke nuna inda sarar ta soma, inda ta ƙare, da kuma gefen da ta nufa. Ana shafa shi da tafin hannu ko da kan sandar ya koma yadda yake. Babu batir, babu manhajar waya, babu wani abin saitawa, kuma wannan sauƙin yana cikin abubuwan da suka sa na riƙa ɗaukarsa kullum maimakon in jefa shi cikin kabad kamar wasu kayan atisayen da na taɓa saya.

Kafin in faɗi abin da ya nuna mini, ya kamata in bayyana dalilin da ya sa na keɓe atisayen ga gajerun sandunan ƙarfe, wato mai lamba 8, da mai lamba 9, da wejin da ke biye musu wadda ake cilla ƙwallo sama da ita zuwa lallausar ciyawar da ke kewaye da rami. Dokar wasan ta yarda ɗan wasa ya ɗauki sanduna har 14, kuma masu koyo da yawa sukan fi mayar da hankali ga babbar sandar bugun farko, domin ita ce ke aika ƙwallo nesa, ita ce kuma ke jawo kallo. Sai dai tsawon wannan sandar ya kai kimanin inci 45, ana kuma ɗora mata ƙwallo a kan ɗan tsinke ne sama da ƙasa, saboda haka ba ta koya wa mutum komai game da dangantakar sanda da ƙasa. Mai lamba 9 kuwa tsawonta kimanin inci 36 ne, mutum yana tsayawa kusa da ƙwallo, da'irar da kan sandar ke zanawa ƙarama ce kuma ta fi miƙewa sama, don haka sarrafa ta ya fi sauƙi. Fuskar wejin a karkace take da kusan digiri 45, ko da yake kamfanoni sun ɗan bambanta a wannan, kuma karkatar ta isa ta ɗaga ƙwallo ba tare da an taimaka mata ba. Idan mutum ya kasa daidaita haɗuwar sanda da ƙwallo da waɗannan gajerun, babu dalilin da zai sa ya yi tsammanin daidaita ta da dogaye. Idan kuwa ya daidaita ta a nan, abin da jikinsa ya koya yakan bi shi zuwa lamba 7 da 6, waɗanda suka fi tsawo, sannu a hankali.

Tushen maganar duka a wuri ɗaya yake. Kan sanda yana tafiya ne a lanƙwashe kamar baka, yana gangarowa, ya kai maƙurar zurfinsa, sannan ya sake hawa. Ga ƙwallon da ke zaune a kan ciyawa, wajibi ne wannan maƙura ta kasance a gabanta, ta ɓangaren da aka nufa, domin sanda ta same ta tana cikin gangarowa. Ma'aunin na'urar Trackman, wadda wani kamfanin ƙasar Danmak ke ƙerawa, ya nuna cewa ƙwararrun ƴan wasan gasar PGA ta Amurka suna saukar wa ƙwallo da gajerun sanduna a kan gangaren kusan digiri 4 zuwa 5, kuma Bobby Clampett, tsohon ɗan wasan gasar wanda ya koma koyarwa, ya yi suna wajen nanata cewa maƙurar zurfin ya kamata ta faɗo kimanin inci huɗu gaban ƙwallo. Abin da ke sa gyaran ya yi wuya shi ne ƙanƙantar abin da ake magana a kai. Faɗin ƙwallon golf inci 1.68 ne a mafi ƙaranci bisa doka, haɗuwarta da fuskar sanda kuma ba ta wuce kusan rabin kashi ɗaya cikin dubu na sakan ba. Babu idon da zai iya kama wannan, kuma kuskuren faɗin yatsa biyu ya isa ya raba bugun da ya sauka kusa da tutar da ke nuna ramin da ake son ƙwallo ta shiga da wanda ya faɗa ramin yashi.

Ranar farko na shimfiɗa allon a kan tabarmar filin atisaye, na ɗauki lamba 9, na buga ƙwallo goma yadda na saba. Bugun farko ya tashi da kyau a ganina, ya tafi kusan nisan da nake tsammani, amma da na sunkuya sai na tarar tabon ya soma ne tun kusan yatsa uku a bayan zanen ƙwallon, ya ratsa ta ƙarƙashinta, ya ƙare daidai inda ya kamata a ce ya fara. Na shafe shi na sake bugawa, tabon ya dawo wuri ɗaya kamar an buga hatimi. A cikin goman nan sau biyu kacal ya soma a kan zanen. Abin ya tsaya mini a rai ƙwarai, domin a ranar ce na fahimci irin ɓarnar da tabarmar roba ta daɗe tana yi mini. Ciyawa ta gaske takan kama sandar da ta sara da wuri ta cinye ƙarfinta, amma tabarma takan bar ta ta zame ta je ta sami ƙwallo, sai mutum ya koma gida da zaton hannunsa ya faɗa, ranar wasa kuma ya rasa abin da ya same shi. Gani ya kori ji, kuma wannan shi ne babban amfanin allon: ya mayar da abin da nake ji a jikina abin da zan iya dubawa da ido in auna da yatsa.

Wani abu da ban yi tsammani ba shi ne yadda ya haɗa mini kurakurai biyu da na ɗauka ba su da alaƙa. Na saba ganin sarar ƙasa kafin ƙwallo a matsayin matsala ɗaya, sannan bugun da bakin sanda ke yanka ƙwallo a ciki ta tafi tana shafar ƙasa a guje a matsayin wata matsalar daban, har nakan yi ƙoƙarin gyara ɗaya in faɗa ɗayar. Allon ya nuna mini cewa uwarsu ɗaya. Duk lokacin da na yanki ƙwallo, ko dai babu tabo sam, ko kuma akwai ɗan siririn tabo can baya, alamar cewa sandar ta riga ta kai maƙurarta ta fara hawa kafin ta iso. A duka biyun maƙurar tana bayan ƙwallo, bambancin kawai shi ne ko ta nutse cikin ƙasa ko ta wuce ta samanta kaɗan. Mafarin abin kuma, a wurina, shi ne nauyin jikina da ke tsayawa a kan ƙafar baya, da kuma wata ɗabi'a ta son kwaso ƙwallo daga ƙasa da wuyan hannu kamar mai ɗiba da ludayi, domin zuciya ba ta yarda cewa bugun da ya gangara ƙasa shi ne zai ɗaga ƙwallo sama.

A nan ne ya kamata in yi gargaɗi, domin allon yana faɗin gaskiya amma ba ya koyarwa. Mako biyu na farko na yi su ina bugawa ina dubawa, ina shafewa ina sake bugawa, kuma tabon bai matsa gaba ba sai kaɗan. Wani mai horarwa da ke aiki a filin ya ɗan tsaya yana kallona wata rana, sai ya sa ƙafa ya rufe allon bayan na buga, ya ce, “Malam, kafin ka duba, gaya mini inda kake jin ka sara.” Na ce masa, “Koci, ina jin a kan ƙwallon ne daidai.” Ya ɗage ƙafarsa, tabon yana yatsa biyu a baya. Ya ce in ci gaba da yin haka, in riƙa faɗin hasashena kafin in sunkuya, har sai abin da jikina ke faɗa ya yi daidai da abin da allon ke nunawa. Wannan ƴar shawara ita ce ta canza amfanin kayan gaba ɗaya. Mai duba allo kai tsaye yana dogara ne da allon, ranar da babu shi kuwa ya koma gidan jiya, amma wanda ke hasashe kafin ya duba yana horar da jin jikinsa ne, shi ne kuma abin da zai shiga fili da shi. Ban ga wannan bayani a takardar da ta zo cikin kwalin ba, kuma a ganina rashinsa babban giɓi ne.

Daga nan na rage girman bugun. Na koma weji, ina ɗaga hannu zuwa ƙugu kawai a baya, in ƙare a ƙugu a gaba, ƙwallo tana tsakiyar ƙafafuna, nauyina ya ɗan fi yawa a ƙafar gaba tun kafin in fara, hannayena kuma suna ɗan gaban ƙwallon. Ba na neman nisa ko kaɗan. Nakan buga goma, in ƙirga nawa ne tabonsu ya soma a kan zanen ko gabansa, kuma ba na ƙara tsawon kaɗawa sai ƙirgen ya gamsar da ni kwana biyu a jere. Bayan haka na matsa zuwa kafaɗa, sannan cikakken bugu, sannan na ɗauki lamba 9 na sake komawa ƙugu, na bi matakan daga farko. Aiki ne mai gundura, ba zan ɓoye ba, musamman idan na gefenka yana ta zabga ƙwallo zuwa ƙarshen fili, amma minti ashirin na irin wannan ya fi mini amfani fiye da buga kwando biyu na ƙwallaye babu lissafi. Wajen mako na shida na fara jin wani abu sabo a tafin hannuna, kamar ƙwallon ta ɗan matsu tsakanin ƙarfe da ƙasa kafin ta fice, kuma tashinta ya ɗan yi ƙasa da yadda na saba amma ta fi tafiya da ƙarfi, ta fi kuma tsayawa idan ta sauka.

Tabon yana ba da wani labarin bayan na gaba da baya. Idan ya karkata hagu ga mai bugu da dama, alama ce ta cewa sandar tana yanko ƙwallo daga waje zuwa ciki, idan kuma ya faɗi ta gefen zanen maimakon tsakiyarsa, mutum zai san cewa tazararsa da ƙwallo tana canzawa a tsakiyar bugu. Wannan ƙari ne mai kyau, ko da yake ban ba shi muhimmanci sosai ba, domin na ga cewa bin abubuwa uku a lokaci ɗaya yana rikita hannu.

Akwai kuma inda kayan ya gaza, kuma wasu gazawar suna iya cutar da mai koyo idan bai lura ba. Mafi girma ita ce allon ba ya nuna zurfi. Mutum na iya matsar da ƙwallo baya sosai tsakanin ƙafafunsa, ya saro ta daga sama kamar mai faskare, ya sami tabo a gaban zanen, ya yi murna, alhali a kan ciyawa ta gaske da ya haƙa rami ne ya tura ƙwallo ƙasa-ƙasa ba tare da iko ba. Na faɗa wannan tarko na ƴan kwanaki, kuma abin da ya ankarar da ni shi ne ciwon da na fara ji a wuyan hannun hagu. Tabon da ake nema dogo ne mai laushi wanda ya soma a kan ƙwallo ya miƙe gaba, ba gajere mai kauri ba. Dangane da wannan, ban ba kowa shawarar ya shimfiɗa shi kai tsaye a kan siminti ko tayil ba, domin robar ba ta da kaurin da za ta shanye dukan, ƙananan haƙoran da ke ƙarƙashinsa kuma an yi su ne don kama tabarma ko ciyawa, a kan daɓe mai santsi sai ya riƙa sulalewa bayan kowane bugu. Haka nan yana ɗaga ƙwallo kaɗan sama da inda ƙafafu suke, saboda haka ya fi kyau mutum ya tsaya a kan wata shimfiɗa mai kauri irin nasa, in ba haka ba yana atisayen bugun gangare ne bai sani ba.

Ƙyalƙyalin ma suna da iyaka. Wajen ƙarshen wata na biyu waɗanda ke tsakiya sun fara lanƙwashewa, wasu sun ciccire, har tabon ya daina fitowa sarai a daidai wurin da aka fi buƙatarsa. Ana iya cire rufin a manna sabo, wanda hakan tunani ne mai kyau, sai dai duk mai niyyar yin atisaye kullum ya sa wannan cikin lissafinsa tun ranar saye. Na lura cewa weji mai kaifin baki ta fi cin rufin da sauri, haka ma sandar da ba a goge yashi daga jikinta ba.

Abu na ƙarshe da ba ya nunawa shi ne inda ƙwallo ta taɓa a fuskar sanda, ko tsakiya, ko wajen dunduniya kusa da mariƙi, ko can bakin waje. Kyakkyawar haɗuwa tana buƙatar duka biyun, wurin sarar ƙasa da wurin taɓa fuska. Na cike wannan giɓi da hoda irin ta feshi wadda nake ɗan fesawa a fuskar sandar, ko alƙalamin farin allo da nake shafawa, sai ƙwallon ta bar zagayen tambarinta. Da na haɗa biyun ne na gano cewa bugun da nake ji ya yi rauni duk da tabon allon ya yi kyau yawanci yana taɓa bakin waje ne.

Ya kamata mai saye ya sani cewa wannan kayan atisaye ne kawai. Doka ta 4.3 cikin dokokin da hukumar R&A ta St Andrews a Sikotilan da hukumar USGA ta Amurka ke kula da su ta hana amfani da kayan horar da bugu a tsakiyar zagayen wasa, don haka wurinsa filin atisaye ne ko gida. Ko ba don doka ba ma, dole ne a yaye kai daga gare shi. A wata na uku na riƙa raba lokacina biyu, rabi a kan allo, rabi a kan ciyawa, inda nakan ja layi da tsinke in jera ƙwallo a kansa, in duba ko ɓawon ciyawar da sanda ta cire ya soma daga layin zuwa gaba. Wani lokaci nakan ninke tawul in ajiye shi kimanin faɗin tafin hannu a bayan ƙwallo, sharaɗin shi ne kada sanda ta taɓa shi. Mai samun ciyawa ta gaske kullum zai iya cewa layin nan da tawul sun wadatar da shi, kuma ba zan yi masa musu ba, domin ƙasa ita ce allon asali. Amma masu wasa da yawa a kan tabarma suke atisaye, ko a ɗan fili a gida, kuma irin waɗannan ne nake ganin kayan zai yi wa amfani na gaske, musamman wanda bugunsa ke kyau a filin atisaye ya lalace ranar wasa. Wanda bai taɓa riƙe sanda ba kuwa gara ya fara zuwa wurin mai horarwa ya koyi riƙo da tsayuwa, domin tabo zai gaya masa ya yi kuskure ne kawai, ba zai gaya masa ta ina zai fara gyara ba.

A yau da weji da lamba 9 tabona yana somawa a kan zanen a mafi yawan bugu, hasashena kuma yakan yi daidai da abin da na tarar idan na sunkuya, har a zagayen da na buga a makon jiya na ga ɓawon ciyawa yana tashi daga gaban inda ƙwallo ta zauna a ramuka da dama. Lamba 8 ce har yanzu take komawa baya da kusan yatsa ɗaya duk lokacin da na ƙara ƙarfi ina neman nisa, saboda haka na manna sabon rufi a allon, na mayar da ita bugun ƙugu, daga nan zan sake hawa da ita.